Kamfamar Bakin Tafki

Watan jiya jikana ya ɗauke ni a mota zuwa gaisuwar mutuwa can arewa da Dakoro, hanyar Azagor. Da muka kai wani wuri na ce ya tsaya. Ya zaci jiri nake ji, ya miƙo mini ruwa. Na leƙa ta taga ban ga komai ba sai gonar gero da aka riga aka girbe, da wani dogon ƙarfen tarho da aka kewaye da waya. Ko tubali guda bai rage ba. Tafkin da na sani rairayi ya cike shi, sai ɗan kwari da aduwa biyu suka nuna inda yake a da. Na ce masa nan ne kamfama take. Ya tambaye ni mece ce kamfama, na ce gidan saukar Nasara ne in sun fito hutawa. Ya yi dariya, ya ce wane ne zai baro gari ya zo hutu a wannan fili. Na ce mu tafi kada rana ta yi mana. Tun ran nan abin yake ta dawo mini. Ba ya zuwa da zafi. Yana zuwa ne kamar labarin wata mata da na taɓa sani.

Yaran yanzu ba za su yarda da irin dajin da ke wurin ba. In damina ta ɗauke, ciyawa takan tsaya har ƙirjin mutum, ta bushe ta yi fari fat, iska na bi ta kanta tana kwantawa tana tashi. Da safe zabin daji ne ke tashe mu, ba zakara ba. Barewa na zuwa shan ruwa garke-garke, ba sa ko ɗaga kai in mace ce ta zo da tulu. Na ga jimina da idona, na ga raƙumin dawa yana cin kan ƙaya kamar mai tsinkar ɗanyen ganye a gonarsa. In ka yi shiru za ka ji kukan gugar rijiya daga nesa, da muryar Bafilatani yana kiran shanunsa ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Yanzu in na zauna a ƙofar ɗaki ba na jin komai sai babura da injin niƙa. Ban ce da ya fi yanzu ba. Da ma an sha wuya, an binne yara da yawa. Amma akwai fili, kuma akwai shiru.

Mijina na fari ɗan mafarauci ne. Kakanninsa daga arewa suka gangaro da raƙuma wata shekarar fari, suka zauna suka kama noma, amma sanin daji bai bar gidansu ba. Shi mutum ne marar yawan magana, yana iya duban sawu a ƙasa ya ce maka dabbar nan jiya da la'asar ta wuce, kuma tana ɗingishi. Wannan sanin ne ya ja mana. Da kumandan na Dakoro, wato Banasaren da ke mulkin yankin, ya sa aka gina kamfama a bakin tafki, ya ce mai gari ya ba da mutum guda da zai riƙe ta, ya kuma riƙa yi wa baƙi jagora a daji. Kowa ya sunkuyar da kai, mai gari ya nuna mijina. Lokacin shekararmu ɗaya da aure. Surukina, wanda nake kira Baba, ya rako mu har wurin da jaki ɗauke da tukwanena. Da zai koma ya ce mana baƙo raɓa ne, mu yi haƙuri da shi, hantsi na yi zai bushe. Ya kuma ce kada mu ci abin da suka rage, kada mu tambayi abin da ba a gaya mana ba.

Ɗakuna uku ne na ƙasa masu rufin ciyawa, an shafe su da farar ƙasa, da wata doguwar rumfa da ke duban ruwa. Kowane ɗaki da gadon ƙarfe da gidan sauro, da tebur, da kujera mai shimfiɗar zane wadda ake naɗewa. Mu kuma bukkarmu tana baya, kusa da murhu. Aikina shara ne da ɗibar ruwa. Ko da baƙi ko babu sai na share ɗakunan nan kullum, in duba ƙarƙashin gado saboda kunama, in kakkaɓe gara daga jikin azara. Wata biyu sukan wuce ba wanda ya zo, ina share ɗakin da ba mai kwana, ina cika randar da ba mai sha. In an aiko za su zo, sai ƙauyukan kewaye su shiga tara kaji da ƙwai da nono da itace. Kukunsu yakan zuba ƙwan cikin ƙwaryar ruwa, wanda ya taso sama ya mayar wa mai shi, a je a nemo wani. Ni kuma in dafa ruwa tulu bayan tulu, don ko a wane irin yanayi sai sun yi wanka da ruwan ɗumi, kuma ruwan da mutum guda zai yi wanka da shi ya ishi gidanmu kwana biyu.

Ƙarar motarsu mukan fara ji tun tana nesa, kamar kudan zuma cikin tulu. Yawanci lokacin sanyi suke zuwa, wajen sallarsu ta sabuwar shekara, ko kuma su iso Asabar su koma Lahadi da yamma. Wasu ma'aikatan bariki ne, wasu masu sayen gyaɗa ne daga Maradi. Abin da ya daɗe yana ɗaure mini kai shi ne ba abin da ya kawo su. Mu a wurinmu ba a tafiya sai da dalili, ko biki, ko mutuwa, ko kasuwa, ko neman abin da ya ɓata. Su kuwa sai su sha wannan doguwar hanya su zo su zauna a rumfa suna kallon ruwa. Su murza wani akwati ya yi ta waƙa da muryar mace mai kamar kuka, cokula na ƙara a jikin tasa, kwalabe na karo da juna. Wani ya kwanta da littafi a fuska har rana ta juya. Da safe su fita harbi, su kashe barewa biyar su ci cinyar guda. Na tambayi mijina hutun mene ne suke yi, tunda ban ga sun yi noma ba. Ya ce shi ma bai sani ba, wataƙila zaman inuwa ma yana gajiyarwa. Yau jikokina su ma sun koya. In aka rufe lakwal, wato makaranta, sai su ce suna bakansi, hutu ke nan, su ɗaure shinkafa a kwano su hau babura su tafi bayan gari su zauna, su dawo ba su sayo komai ba. Ba na hana su.

A shekara ta uku, bayan an gama kai gero rumbu, wasu suka zo su uku. Akwai wani dogo mai jan gemu da ke sayen gyaɗa, da abokinsa gajere, da matar gajeren. Aka ce abokan kumandan ne, a kula da su sosai. Ina da cikin wata biyar a lokacin, cikina na fari da ya zauna. Kwana biyu suka yi a rumfa, ran na uku suka ce za su ci abincin rana a daji. Madam, matar gajeren, ta nuna ni da yatsa, kuku ya ce tana so in biyo su don in riƙa zuba mata ruwa da wanke tasoshi. Ran nan na fara shiga mota. Aka sa ni a baya tsakanin kwanduna, ina riƙe da cikina da hannu biyu, itatuwa na gudu baya. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Mijina na tsaye a kan matakin gefen motar yana nuna hanya da sanda, ya waigo ya gan ni ina dariya, shi ma ya yi murmushi.

Muka sauka ƙarƙashin wata babbar aduwa. Mijina ya share fili da fartanya, ya haƙa rami, ya hura wuta a ciki aka gasa barewar da suka harbo a hanya. Aka shimfiɗa farin zane a ƙasa suka ci suka sha. Da aka gama, a gabana ya tura rairayi ya binne garwashin, ya taka da ƙafa, ya yayyafa ruwa. Wannan na gani. Ina cikin wanke tasoshi wani gadu, wato aladen daji, ya fito da gudu, dogon ya harbe shi bai same shi da kyau ba, dabbar ta faɗa cikin ciyawa mai duhu ta yi shiru. Dogon ya ce mijina ya shiga ya koro shi. Mijina ya ce gadu mai rauni ba a bin sa cikin ciyawa, a jira. Sai dogon ya fito da ashana. Mijina ya ɗebi ƙasa ya watsa sama don ya nuna masa yadda iska ke kaɗawa, ya yi ta girgiza kai, har ya riƙe masa hannu. Dogon ya fizge, ya ture shi, ya ƙyasta ya jefa. Yana dariya lokacin da ya yi haka. Tsakanina da su bai fi taki talatin ba.

Ban taɓa jin ƙara irin ta wutar nan ba, kamar ana yayyaga sabon zane dubu a lokaci guda. Kafin a ce kwabo ta fi tsayin mutum, ta miƙa yamma. Dariyar ta tsaya. Madam ta ja ni ta cusa cikin mota, direba ya tayar. Mijina bai shiga ba. Ya karya reshen sabara ya bi wutar yana duka, shi kaɗai, kamar mai korar fara da mafici. Suka ajiye ni a kamfama, suka tattara kayansu, kafin la'asar sun kama hanyar Maradi. Madam ta manta hularta a kan gado. Na ɗauka na rataye a ƙusa, na share ɗakin.

Kwana biyu wutar ta yi tana ci. Maza suka fito daga ƙauyuka da rassa da fartanyu, ba su iya mata ba sai da ta kai wani fako ta mutu don kanta. Ta cinye makiyaya tafiyar yini guda, ta cinye rumbunan wata tunga gaba ɗaya. A wata ruga kuma akwai wani tsohon Bafilatani gurgu da aka bari da maruƙa, mutanensa sun tafi rijiya. Ba a same shi da rai ba. Mijina ya dawo ran na uku, girarsa ta ƙone, tafin ƙafarsa ya sale. Ya sha ruwa ya kwanta. Bayan kwana huɗu gumje biyu, wato dogaran kumandan, suka zo a kan raƙuma suka tafi da shi.

Baba ya zo ya same ni ina ɗaura kaya zan bi su. Na gaya masa duk abin da na gani, na ce zan faɗa a gaban kumandan. Ya daɗe yana zane a ƙasa da sandarsa.

"Ɗiyata," ya ce, "ko dutse ya faɗo kan ƙwai, ko ƙwai ya faɗa kan dutse, ƙwai ne ke fashewa. Ɗana ne, na fi ki son ya fito. Amma ki rufe bakinki, ki tsira da abin da ke cikinki."

Na ce to, Baba. Amma ban ji maganarsa ba.

A barandar bariki aka yi shari'ar. Kumandan na zaune a tebur yana rubutu, tafinta na tsaye a gefensa, wani Bahaushe fari siriri mai jar dara. Dangin tsohon da ya ƙone suna zaune a gefe guda, ba su dubi kowa ba. Dogon bai zo ba, ba a ma ambace shi ba. Tambaya ɗaya aka yi wa mijina, wai ran nan wa ya hura wuta a daji. Ya ce shi ya hura ta gashi, kuma ya binne ta. Tafinta ya juya, kumandan ya rubuta. Sai na miƙe ba wanda ya kira ni. Na faɗi komai tun daga gadun har ashanar, da yadda mijina ya riƙe masa hannu, da dariyar. Na daɗe ina magana. Da na gama tafinta ya dube ni, ya dubi cikina, ya juya ya yi wa kumandan magana da ba ta fi numfashi ɗaya ba. Kumandan ya ɗaga kafaɗa, bai rubuta komai ba. Aka ce shekara guda a gidan kaso. Da za a wuce da shi mijina ya ce mini in koma, kada a bar ɗakunan nan ba shara a sami abin faɗa a kanmu.

Na koma. Ba a naɗa wani mai riƙo ba, don haka ni na ci gaba, Baba na zuwa yana taya ni da itace. Duk ranar kasuwa nakan dama fura in kama hanya tun da sassafe, in isa Dakoro rana tsaka. Ana fito da su aikin hanya, su dawo su zauna a inuwar katanga. Mai gadi yakan bari in miƙa masa ƙwaryar. Ba mu da abin faɗa da yawa. Ya tambaye ni ko gara ta shiga rufin ɗakin tsakiya, in ce na kakkaɓe. Ya tambayi ko abin cikin yana motsi, in ce yana yi. Ya sha rabi ya miƙa wa na kusa da shi. Baƙi kuwa ba su fasa zuwa ba. Sai dai sukan yi ƙorafin ba nama a daji, ko'ina baƙi ƙirin, ba abin kallo.

Da zafi ya shigo sanƙarau ya faɗa kason. Wata ranar kasuwa na iso, cikina ya tsufa har ba na ganin ƙafata, mai gadi ya tare ni tun daga nesa. Ya ce in yi haƙuri, yau kwana uku da rasuwarsa, kuma an riga an binne shi tare da wasu biyu. Na tsaya. Na ji kaina yana tambayar ko zan iya ba sauran furar, tunda an riga an dama. Ya karɓa, na jira aka shanye aka dawo mini da ƙwaryata, na ɗauraye ta a bakin rijiya na kama hanya. Ina tafe ina jiran kuka ya zo. Na kai gida bai zo ba. Na gaya wa Baba, ya zauna a ƙasa inda yake tsaye. Mata suka taru suna kuka, ni ina ba su tabarma. Wasu suka ce zuciyata dutse ce. Innata ta ce a ƙyale ni, kukan yana nan tafe, wata sai ta haihu take yi. Na haihu bayan kwana goma sha wani abu, mace, ita ce uwar wannan da ya ɗauke ni a mota. Kukan bai zo ba. Daga baya aka kawo wani ya riƙe kamfama, na miƙa masa tsintsiya da tuluna na koma gidanmu.

Shekaru suka wuce. Na sake aure a cikin Dakoro, na haifi wasu, na kama sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Nasara suka tafi. Baba ya rasu, gumje suka zama tsofaffi masu zaman kasuwa kamar kowa. Wata rana da hantsi muna tsakar gida ni da babbar ɗiyata, ta zo wankan haihuwarta ta biyu, muna matsar mai, sai aka yi sallama aka ce wani dattijo na son ganina. Na fita zaure. Jar darar babu, ya rame, yana dogara sanda, amma na gane tafintan nan ne tun kafin ya buɗe baki. Na shimfiɗa masa tabarma na kawo ruwa. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo. Ya ce bana zai tafi Makka, yana zagayawa yana neman gafarar mutane, kuma ya daɗe yana tambayar inda nake.

"Baiwar Allah, kin san abin da na gaya wa kumandan ran nan?"

Na ce ban sani ba, Malam, ba na jin Faransanci.

"Cewa na yi kin ce kina nesa, hayaƙi kawai kika gani." Ya juya kofin ruwan a hannunsa. "Ya riga ya san wanda ya yi. Tun kafin a kawo mijinki ya sani. Da na juya maganarki yadda kika faɗe ta, da ku biyu za a rufe, ke da cikinki. Haka na gaya wa kaina a lokacin. Amma tsoron aikina ma yana ciki, ba zan yi miki ƙarya ba yanzu."

Na duba cikin raina ko zan sami fushi, ko godiya, ban sami ko ɗaya ba. Abu guda na tambaye shi, ko ya san inda aka binne mijina. Ya ce bayan bariki ne ta gabas, amma wurin yanzu duk gidaje ne, ko shi ba zai iya nuna daidai ba. Ɗiyata ta leƙo tana neman ludayi, hannunta duk mai. Ya bi ta da kallo har ta koma, ya tambaye ni ko ita ce. Na ce ita ce. Ya rufe fuska da hannun riga, kafaɗunsa na rawa. Na zauna ina jiran ya gama. Da ya gama ya ce in yafe masa don Allah. Na ce na yafe, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Na faɗa ne don abin da ake faɗa ke nan, kuma ban ga amfanin tsoho ya hau hanya da kaya ba.

Na raka shi ƙofa, na koma ciki. Ɗiyata ta tambaye ni wane ne. Na ce wani tsohon ma'aikaci ne da muka sani da, zai tafi Makka. Ta ce Allah ya kai shi lafiya ya dawo da shi lafiya. Na ce amin. Na wanke hannu na zauna muka ci gaba da matsa, don tunkuza in ta huce ba ta ba da mai.